Daga Baro Zuwa Kano: Tarihin Kishin Layukan Dogo Biyu Da Asalin Sunan Reluwen Nijeriya

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu da muke zaune a birane yau, jirgin ƙasa ne ya fara kai iyayenmu ko kakanninmu inda muke. Wasu sun shige shi da buhunan gyaɗa, wasu da akwatin makaranta, wasu kuwa da takardar ɗaukar aiki a aljihu. Mun tashi mun tarar ana cewa "reluwe", sai muka ɗauka tun fil azal abu guda ne mai suna guda. Tarihi kuwa ya nuna cewa an yi zamanin da ƙasar nan take da hukumomin jirgin ƙasa biyu, kowace da sunanta da shugabanninta da kuɗin dakonta, suna ja-in-ja a kan kayan Kano kamar kishiyoyi a gida ɗaya. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan kishi, mu ga yadda ya faro da yadda ya ƙare, domin sunan da aka rubuta a jikin tarago yakan bayyana wanda ya yi rinjaye, kuma a cikin rinjayen nan ne wasu garuruwa suka tashi, wasu suka kwanta.

Inda al'adar ta samo asali

Tun da Turawan Ingila ne suka shimfiɗa mana dogo, ya kamata mu fara leƙa yadda abin yake a gidansu. A can kamfanonin 'yan kasuwa ne suka gina layukan, kuma na farko-farko sun ɗauki sunayen garuruwa biyun da suka haɗa, kamar Stockton and Darlington na 1825 da Liverpool and Manchester na 1830. Da harka ta buɗe, sai kamfanoni suka koma sunaye masu kwarjini waɗanda ke ikirarin mallakar shiyya sukutum, irin su Great Western, wato Babban Layin Yamma, da Great Northern, wato Babban Layin Arewa.

Kishin nasu ya kai har ga faɗin dogon kansa. Injiniya Brunel na Great Western ya zaɓi faɗin ƙafa 7 da ɗan ɗori, sauran kamfanoni kuwa suka bi ma'aunin Stephenson na ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Duk inda layukan biyu suka haɗu, dole a sauke kaya da fasinjoji a sake lodi. Majalisar dokokin ƙasar ta sa baki a 1846 ta goyi bayan ma'aunin Stephenson, amma sai a 1892 aka tsige na Brunel baki ɗaya. A 1888 da 1895 kuma kamfanonin gabas da na yamma suka yi tseren kai fasinja daga Landan zuwa Sikotland, har wani jirgin yamma ya ci mil 540 zuwa Aberdeen cikin minti 512. A 1923 gwamnati ta dunƙule kamfanoni fiye da 100 suka zama guda 4, kowane da launin fentinsa da tambarinsa, ta yadda daga nesa mutum zai gane jirgin wane ne ke tahowa. A 1948 aka mayar da su duka hannun gwamnati da sunan British Railways.

A Nijeriya ba a bar wa kamfanoni aikin ba, gwamnati ce ta gina da kanta. Sai dai a lokacin gwamnatocin biyu ne, ta Kudu da ta Arewa, saboda haka kishin da 'yan kasuwa suka yi a Ingila, gwamnoni ne suka yi shi a nan.

Gwamnoni biyu, hanyoyi biyu

Layin farko shi ne Lagos Government Railway, wato Reluwen Gwamnatin Legas, birnin da iyayenmu ke kira Ikko. An soma shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya isa Badun a 1901, ya isa Ilori a 1908, sannan ya tsaya a bakin Kwara, a Jabba, a 1909. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Gwamnan Kudu, Walter Egerton, burinsa shi ne layin ya tsallake kogi ya miƙe har Kano, domin duk arzikin Arewa ya riƙa fita ta tashar ruwan Legas.

A Arewa kuwa Gwamna Lugga yana da wani tunanin dabam. Tun a 1901 da 1902 ya sa an shimfiɗa wani ɗan siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da rabi, wanda ya haɗa Zungeru, hedkwatarsa, da bakin kogin Kaduna, don a riƙa ɗauko kayan gwamnati daga jiragen ruwa. A ganinsa kogin Kwara hanya ce da aka samu a shimfiɗe, babu dalilin jan dogo tun daga bakin teku. Abin da ya nema shi ne a gina layi daga Kano zuwa wani wuri a bakin kogin, daga nan jiragen ruwa su gangara da kaya zuwa Burutu da Forcados. Wurin da aka tsayar shi ne Baro, a ƙasar Nufe. Ta haka Arewa za ta sami ƙofarta ta kanta, ba sai ta roƙi Legas hanya ba.

Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowane yana da rauni. A bakin tashar Legas akwai tudun yashi da ke hana manyan jiragen ruwa shiga, sai an sauke kaya a ƙananan jirage, kuma ba a shawo kan wannan matsala ba sai a 1914. Kwara kuwa ruwanta na lokaci ne. Manyan jirage ba sa iya kaiwa Baro sai a 'yan watannin da kogi ya cika, sauran shekara kuwa sai masu ƙaramin lodi.

Masu masaƙun Ingila ma sun sa baki. Ƙungiyar da suka kafa a 1902 don bunƙasa noman auduga ta ƙwallafa rai a kan ƙasar Kano da Zazzau, tana neman hanya mai arha da za a gama da wuri. Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya goyi bayan layin Baro. A 1907 hukuma a Landan ta yanke hukuncin da ya ba kowa rabonsa: a gina layin Baro zuwa Kano, a kuma bar na Legas ya tsallake Kwara ya bi ta Zungeru ya same shi. Wani abin lura shi ne, Arewa ba ta da kuɗin kwastan domin ba ta da bakin teku, saboda haka da sunan Gwamnatin Kudu aka ci bashin gina layin da aka yi don a kauce wa Kudu.

Aikin diga

Lugga ya bar Arewa a 1906, kuma wanda aka turo a 1907 ya gaje shi injiniyan jirgin ƙasa ne tun asali. Sunansa Percy Girouard, haifaffen Kanada, wanda ya yi suna a 1897 lokacin da ya ja dogo ya ratsa hamadar Sudan daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed domin rundunar Kitchener. Tsarinsa shi ne a yi layi mai sauƙin kuɗi, a gama da sauri, gyara ya biyo baya idan ciniki ya kankama. An ba layin suna Baro-Kano Railway, bisa tsohuwar al'adar nan ta ambaton garuruwa biyun da ke bakin layi, kuma an yi shi da faɗi ɗaya da na Legas. Wannan shawara ta faɗi ɗaya ita ce ta kuɓutar da mu daga irin wahalar sauke kaya da Ingila ta sha shekara da shekaru.

Arhar layin kuwa a wuyan talakawa ta faɗa. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka riƙa ɗibar mutane, kowane gari da adadin da aka ɗora masa, a kai su saran daji da haƙa da ɗaukar ƙasa a ka na wasu makonni, sannan a kawo wasu. Nufawa da Gwarawa ne suka fara ɗanɗana, daga baya abin ya iso ƙasar Zazzau da ta Kano. Ana biyan lada da kuɗin Turawa, amma zuwan ba da son rai ba ne, har wasu suka riƙa ƙaurace wa ƙauyukansu. Mutanenmu ba su damu da dogon sunan da aka rubuta a takarda ba, suka kira aikin da sunan makamin da ke hannunsu, wato diga. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa a zamanin sarautarsa, ya rubuta waƙa a kansa wadda aka sani da Waƙar Diga.

Dogo ya bi ta Minna da mashigin kogin Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911, a zamanin Sarki Abbas, bayan tafiyar mil 350 da 'yan kai. An kafa tashar a wajen ganuwa, ta gabas da birni.

Haɗuwa a Minna

A daidai wannan lokaci ma'aikatan Legas suna can suna turo nasu layin daga Jabba. Da yake babu gada, sai a tura taragu cikin wani jirgin fito a tsallake da su, kuma haka aka ci gaba da yi har aka kammala gadar Jabba a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Layin ya bi ta Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna, kuma a 1912 aka soma zirga-zirga daga Legas har Kano.

Nan fa kishi ya fito fili. Duk taragon da ya taso daga Kano, idan ya iso Minna yana da zaɓi biyu: ya gangara Baro a sa kayansa a ruwa, ko ya miƙe Legas. Idan ya bi Baro, hukumar Arewa ta ci kuɗin dakon duka. Idan ya bi Legas, mafi tsawon tafiyar a kan layin Kudu take. Hukumomin biyu suka shiga jayayya kan farashi da rabon kuɗi da dokokin aiki, alhali duka biyun a ƙarƙashin minista ɗaya suke a Landan, kuma baitulmali ɗaya ke biyan bashinsu.

A 1912 aka dawo da Lugga da umarnin ya haɗa Kudu da Arewa, kuma shi da kansa ya lissafa wannan saɓani na jirgin ƙasa cikin dalilan haɗewar. A watan Oktoba na shekarar aka haɗa hukumomin biyu, aka ajiye sunan Legas, aka ajiye sunan Baro da Kano, aka raɗa wa sabuwar hukumar suna Nigerian Railway, wato Reluwen Nijeriya. Ita ƙasar ba a haɗa ta ba sai ranar 1 ga Janairu, 1914. Ke nan jirgin ƙasa ya riga gwamnati zama na Nijeriya ɗaya da fiye da shekara guda.

A takarda babu wanda ya ci wani, tun da duka sunayen biyu aka soke. A zahiri kuwa Legas ce ta yi nasara. A yankinta, a Ebute Metta, aka zaunar da hedkwata. Ɗan kasuwa yana son hanyar da ke aiki rani da damina, saboda haka kaya suka karkata can, musamman bayan an buɗe bakin tashar ruwa an kuma gama gadar Jabba. Hanyar Minna zuwa Baro, wadda aka gina a matsayin uwar layi, ta koma reshe, daga bisani aka daina binta. Mutumin da ya fi kowa kare hanyar Baro shi ne wanda aka ba aikin haɗewar da ta rage mata daraja.

Garuruwan da suka tashi da waɗanda suka kwanta

Auduga aka gina layin dominta, amma manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, domin audugarsu tana da masu saye a gida, wato masaƙa da marina. Fataken Kano da suka goge a cinikin goro na Gwanja, irin su Alhassan Ɗantata, suka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa, buhuna suka cika tasha har taragu suka gaza. Daga nan aka kama hanyar dalar gyaɗa da Kano ta shahara da ita.

Garuruwa ma sun bi dogo. Minna ta girma saboda mahaɗa ce. Zungeru ta rasa hedkwata a 1917 aka mayar da ita Kaduna, garin da ya tsiro a inda dogo ya tsallake kogi. Sabon Garin Kano da na Zariya sun cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. Da aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 1929, da wani daga Kano zuwa Nguru a 1930, sai waɗannan garuruwa suka zama kasuwannin auduga da gyaɗa da fatu. Manyan birane masu daɗaɗɗen tarihi kamar Katsina da Sakkwato kuwa dogon Turawa bai je musu ba, sai dai su kai kayansu tasha a kan jakuna da raƙuma, daga baya a mota.

Layin Bauchi da bai je Bauchi ba

Akwai suna na uku da ya cancanci a tuna. Masu haƙar kuza a tsaunukan Jos sun matsa a ba su hanya, sai aka gina musu siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru tsakanin 1911 da 1914, har aka yi amfani da kayan tsohon layin nan na Zungeru. Sunansa Bauchi Light Railway, wato Ƙaramin Reluwen Bauchi, domin a lokacin Jos tana cikin Lardin Bauchi, amma bai taɓa kusantar garin Bauchi ba. Da yake faɗinsa ƙafa 2 da rabi ne, dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi.

Kishiyarsa ta fito daga gabas. Bayan an gano kwal a Udi, an kafa Fatakwal an sa mata sunan Lewis Harcourt, ministan ƙasashen mulkin mallaka, aka ja layi daga can ya isa Inugu a 1916. Layin ya ci gaba ta Makurɗi da Kafancan ya haɗu da na yamma a Kaduna, kuma a 1927 reshensa ya shiga Jos. Kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa teku, ƙaramin layin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Shi garin Bauchi sai a farkon shekarun 1960 ya ga jirgi, lokacin da aka ja layin Borno da rancen Bankin Duniya na 1958, wanda ya isa Maiduguri a 1964.

Sabon suna, sabuwar kishiya

A 1955 aka fitar da reluwe daga jerin sassan gwamnati aka mayar da ita hukuma mai cin gashin kanta, Nigerian Railway Corporation, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. A lokacin babu sauran wani layi da ke kishi da ita, amma babbar kishiya ta riga ta shigo, ita ce motar lori. Mota tana shiga ƙauye, tana tashi lokacin da mai kaya ya shirya, kuma gwamnatoci suka zuba kuɗi a kan titi. A 1964 jirgin ƙasa ya ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 11, amma zuwa 1974 adadin bai kai miliyan 5 ba. An gayyato ƙwararrun kamfanin RITES na Indiya suka riƙe ragamar hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, bayan tafiyarsu suka sake lalacewa. Garuruwan da tasha ta raya suka ga kasuwa ta koma bakin kwalta.

Sunayen wannan zamani

A 'yan shekarun nan an koma gina dogo, amma da ma'aunin Stephenson mai faɗi. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, an buɗe shi a 2016. Na Warri zuwa Itakpe ya biyo baya a 2020, na Legas zuwa Badun a 2021. Layukan sun koma ɗaukar sunayen garuruwa biyu kamar na Baro da Kano, tashoshi kuwa aka sa musu sunayen mutane: ta Ebute Metta sunan Mobolaji Johnson, ta Abeokuta sunan Wole Soyinka, ta Badun sunan Obafemi Awolowo. Ita Baro an ƙaddamar mata da sabuwar tashar jiragen ruwa a 2019, fiye da shekara 100 bayan kaya sun juya mata baya. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon gina layukan dogo, abin da ya buɗe ƙofar sake ganin sunaye da yawa a kan taragu.

Wanda ya fi shafar shiyyarmu shi ne layin Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, bisa tsarin ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Shi ma akwai kishi a bayansa, domin tambayar ita ce ta wace tashar ruwa kayan Nijar za su riƙa bi. Tun a 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwa tsakanin Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, da sunan ƙasashen biyu, amma dogonta da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya, daga nan sai a sa kaya a mota. Sunan Nijar ya hau tarago kamar yadda na Bauchi ya hau, ba tare da jirgin ya je ba.

Kammalawa

'Yan uwa, abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, ba a taɓa shata hanyar dogo don tausayin wani gari ba. An shata ta ne bisa lissafin kaya da kuɗi da ƙarfin masu faɗa a ji, kuma garin da aka gina layi dominsa yana iya wayar gari ya zama reshe, kamar yadda ya faru da Baro. Kano ta ci moriyar jirgi domin ya tarar da manoma da fatake a shirye, sun san abin da za su loda masa. Yanzu da ake sake shata layuka, mu da muke zaune a birane, kusa da ma'aikatu da majalisu, ya kamata mu riƙa neman taswirar kowane sabon layi tun kafin a soma haƙa: ina za a sa tasha, shin ta fasinja ce kawai ko har da ta kaya, wace hanya ce za ta haɗa ta da kasuwannin ƙauyukanmu, kuma wane amfanin gona ne za mu iya tarawa da yawan da zai cika tarago. Su waɗanda suka yi aikin diga ba a tambaye su ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mu jikokinsu muna da ilimi da ƙungiyoyi da wakilai, saboda haka muna da bakin yin tambaya.